Muhawara: wai gwagwarmayar matan Fotugal ta 'yan boko ce zalla?

Malam Habu: Ni fa ina kan bakana, fafutukar matan Fotugal ta masu hannu da shuni ce. Carolina Beatriz Ângelo da ta fara jefa ƙuri'a a 1911 likita ce, Adelaide Cabete da ta kafa majalisar matan ƙasar a 1914 ita ma likita. Ina macen da ke aikin gona a ciki?

Anti Rabi: Haba Malam, to ina ka baro Deolinda Lopes Vieira? Malamar firamare ce fa, haifaffiyar garin Beja a 1888, ta koyar a makarantar Escola Oficina ta ɗaya a Lisbon inda 'ya'yan ma'aikata maza da mata ke karatu tare suna koyon sana'a, kuma tana cikin wannan majalisar da kake kushewa, tana kuma tare da 'yan ƙwadago, har mijinta ɗan jarida Pinto Quartim sai da gwamnati ta kore shi zuwa Brazil a 1913 ta bi shi can.

Malam Habu: Mutum ɗaya kenan Anti. Kuma ƙuri'ar ma ai ƙwace ta aka yi, dokar 1913 ta ce maza kawai.

Ummi: Yaya Habu wannan ai laifin majalisar dokoki ne ba na matan ba. Amma gaskiya a wani wajen kana da hujja, don da aka buɗe ƙofa a 1931 sai matan da suka yi sakandare ko jami'a aka bari, alhali yawancin matan karkara ko sunansu ba sa iya rubutawa.

Anti Rabi: Yauwa, shi ya sa nake cewa aikin malama shi ne tushen abin! In karatu ne sharaɗi, wa ya taimaki talaka kamar mai koya wa 'yarsa karatu? Kuma in da ba sa tsorata kowa, me ya sa gwamnatin kama-karya ta Salazar ta rufe majalisar matan a 1947?

Malam Habu: Duk da haka wadda ta biya da ranta ba likita ba ce. Catarina Eufémia, mai girbi, jandarma ya harbe ta a ƙauyen Baleizão a 1954 don neman ƙarin lada.

Ummi: Wallahi wannan labarin yana taɓa ni sosai. Kuma Baleizão ɗin nan a yankin Beja take, mahaifar Deolinda, wadda ta rayu har 1993, ta ga juyin mulkin 1974 da ya ba kowace mace ƙuri'a.

Malam Habu: To ku kawo min abin da majalisar matan ta yi kan ladan masu girbi, ina jira.