Me za mu kira "taux de change" a shirin maniyyata?

'Yar Rediyo, Garwa: Assalamu alaikum. Gobe da safe nake da shirin maniyyata, takardar da aka ba ni kuma da Faransanci take. "Taux de change" da "commission" ne suka tsaya mini. In na ce kuɗin canji, tsohuwa a ƙauye za ta ɗauka abin da ɗan canji ke cirewa nake nufi. Ku agaza kafin isha'i.

Ɗan Canji, Marwa: Wa alaikumus salam Hajiya. Farashin canji. A kasuwa ma "nawa take yau?" kawai ake tambaya. Wanda muke cirewa la'ada ce, wasu su ce kamasho. Don Allah ki raba musu biyun nan, a nan ake cutar mutane. Yuro ba ya motsi a kan sefa, kusan 656 yake tun 1999, duk abin da aka ɗora a kai la'ada ce. Dala ce ke hawa da sauka, riyal kuma a jikinta yake ɗaure, dala ɗaya riyal 3.75.

Inna, Kusuri: Ɗana, ce dalar Amurka. Mu nan in ka ce dala, sefa biyar muke ji.

Malamin Hausa, Ngaundare: Farashi Turanci, canji Turanci, kamasho Turanci. Ina Hausar? Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "mizanin musaya". Ana ɗora kuɗin wata ƙasa a gefe, namu a gefe, a ga wanda ya rinjaya. Lokacin da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, mizanin ne ya karkata.

Ɗan Canji, Marwa: Allah gafarta Malam, mizani ai Larabci ne.

Malamin Hausa, Ngaundare: Larabcin da ya kwana cikin bakin kakanninmu. Abin da ke damuna shi ne komai sai mun jira Kano ta faɗa. Hausarmu ta Kamaru ba Hausa ba ce?

Ɗalibi, Njamena: Ba wanda ya raina ta, Malam. Amma mu da muke cewa lakwal da kamfani a jumla ɗaya, yau ne canji zai zama baƙo?

Malamin Hausa, Ngaundare: Da haka harshe ke zubewa, yaro.

Inna, Kusuri: Malam, ni da na ji mizani sai Ranar Hisabi ta faɗo mini. Maniyyaci da guzurinsa ɗaure a lalita so yake ya san riyal nawa jakarsa za ta ba shi.

'Yar Rediyo, Garwa: Na gode, iyayena da yayyena. Zan ce farashin canji da la'ada, in kuma ce dalar Amurka. Malam, zan ambaci musaya sau ɗaya a buɗe shiri.

Malamin Hausa, Ngaundare: La'ada na yarda da ita. Ɗayar kuwa ki faɗa tunda lokaci ya ƙure, amma a ajina mizanin musaya ne.