Abin da aka ce kan wasan lissafi na hoto

An yi doguwar tattaunawa kan dabarun warware wasannin lissafi da ake nunawa a hoto. Ga abin da na tsamo daga cikinta:

1. Kusan kowa ya yarda lissafin ba shi da wuya, ido ake yaudara. A hoton da 'ya'yan itace ke tsayawa a madadin lambobi, a sake ƙirga ayabar layin ƙarshe, sau da yawa an rage ɗaya.

2. A kifa hoton. Wurin ajiye motoci mai lamba 16, 06, 68, 88, sai mota ta rufe ɗaya, sai 98: in an juya shi, 86 zuwa 91 ne a jere, amsar 87.

3. Kada ka kafa wa kanka dokar da ba a kafa ba. Ɗigo 9 da aka jera uku-uku a sahu uku ba sa haɗuwa da miƙaƙƙen layi 4 ba tare da ɗaga biro ba, sai layin ya zarce iyakarsu.

Kan wasan tsinken ashana ne aka rabu, wato lissafin da aka rubuta da tsinke, ake so a matsar da ɗaya ya zama daidai. A 6+4=4, matsar da tsinke ɗaya yana ba da 0+4=4 ko 8-4=4, duka daidai. Wasu kuwa sun gitta tsinken a kan alamar daidai (=) ta koma "ba daidai ba" (≠), suka ce ai wayo ne. Wasu suka ce zamba ce, tunda dabarar tana aiki a kusan kowace tambaya. Ni ina tare da masu cewa zamba ce.