Wai cocin Gdansk ne ya fi kowane cocin jan bulo girma?

Ɗan Birni: Jama'a, jiya na dawo daga Gdansk ta ƙasar Poland. Na shiga cocin Maryam, wanda aka aza harsashinsa a 1343, ba a gama ba sai 1502. Jagoranmu ya ce duk duniya babu cocin jan bulo da ya kai shi girma, kuma ido ya gaskata. Tsawonsa daga ƙofa zuwa ƙurya ya haura mita 100. Na hau hasumiyar, matakala fiye da 400, ta farkon matsattsiya mai murɗewa, kafin in kai sama gwiwa ta ce ba da ita ba.

Injiniya: Sannu da hanya ƙanena, amma jagora kasuwarsa yake ci. Cocin San Petronio na Bologna a Italiya mita 132 ne daga ƙofa zuwa ƙurya, kuma da bulo aka gina shi tun daga 1390. Ka je Albi a Faransa, su ma nasu suke kira zakara.

Ɗan Birni: Yaya, na Bologna ai an lulluɓe masa ƙasan fuska da marmara. Wannan kuwa daga ƙasa har sama bulo ne tsirara.

Injiniya: Marmarar riga ce kawai, rigar ma ba a gama ɗinka ta ba, rabin fuskar na sama har yau bulo ne a fili. Ka cire riga ka auna mutum.

Maman Biyu: Ku tsaya, da wane mudu kuke awo? Tsawo, faɗin fili, ko yawan sararin ciki? Kowane gari yana ɗaukar mudun da zai ba shi nasara. Da jagoran ya ce mafi girma a yankin tekun Baltik, da ban ce uffan ba.

Malam: Ni abin da ya fi ja mini hankali shi ne dalilin bulon. Ƙasar can shimfiɗaɗɗiya ce, dutsen gini ya yi ƙaranci, yumɓu kuwa ga shi jibge. Sai suka gasa shi, 'yan kasuwar Hansa, ƙawancen biranen kasuwanci na arewacin Turai, suka zuba kuɗi. Ɗan Birni, ka ga tsohon agogon da ke cikin cocin?

Ɗan Birni: Na gani Malam! Na katako ne, mita 14, Hans Düringer ya ƙera shi wajen 1470, yana nuna wata da kwanan wata. Abin da ya ba ni mamaki cikin ginin: fari fat, an shafe bangon da ginshiƙan, ga sanyi kamar cikin randa. Ka shiga neman jan bulo ka rasa.

Injiniya: Kuma a 1945 ya ƙone, rufin ya tafi, wani sashen silin ya rufta. Ba duk bulon da ka gani ne na 1502 ba.

Ɗan Birni: To Yaya, ka biya mini kuɗin jirgin Bologna, ni zan taho da tef ɗin awo.