Kaza za ta riƙe 'ya'yan zabi?

Tambaya: Jama'a, in aka sa wa kaza ƙwan zabi, za ta ƙyanƙyashe ta kuma ciyar da su?

Mai Akurki: Sosai, Malam. Sai dai na kaza kwana 21 ne, na zabi 26 zuwa 28. In za ka haɗa, fara sa na zabin da mako guda, in ba haka ba tana ƙyanƙyashe nata za ta tashi, sauran su huce.

Hajiya Makiyayiya: Kada su wuce goma sha biyu, ka sa mata da dare. Raɓa ce ke kashe 'ya'yan zabin, domin kaza na jan su cikin ciyawa da asuba. Killace su wata guda, ka ba su gara da ɓarzajjen gero.

Mai Akurki: Kaskon ruwan ma zuba tsakuwa, suna nutsewa.