Fitilar batir tana kamawa, sabon batir kuma yana mutuwa: altaneta ce ko waya?

Direban_Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Motata ƙirar 2005 ce, silinda huɗu. Fitilar batir tana kamawa a dashbod idan mota tana silo, in na ba motar totur sai fitilar ta mutu. Da dare fitilun gaba suna dusashewa, musamman in na kunna AC. Na sa sabon batir, amma da safe da kyar kik yake juyawa. Wani rewaya ya ce in sayi altaneta, wato na'urar da ke cajin batir. Me ya kamata in duba kafin in kashe kuɗi?

Rewaya_Kano:
Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna, nemi mita mai auna wuta ka sa ta a DC 20, ma'aunin bolt. Bayan mota ta kwana, auna kan batir biyu: cikakken batir 12.6 yake nunawa, 12.2 kusan rabi ne, ƙasa da 12 ya sauke. Sa wani ya yi kik kana kallo, bai kamata ya faɗo ƙasa da 9.6 ba.

Da inji ya tashi sai ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Sannan ka ɗora mata kaya: babbar fitila, AC, fanka, ka riƙe totur a kusan 2000 a agogon juyin inji. In ya tsaya sama da 13.5 caji lafiya lau. In yana zamewa zuwa 12 da wani abu, motar batir take ci. In ya haura 15, kataut, wato mai daidaita ƙarfin caji, ya lalace, yana dafa batir, za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

Yadda ka ce fitilar tana mutuwa da totur, na fi zargin abu biyu: bel ya saki, ko burushin cikin altaneta ya cinye. Duba bel ko ya yi sheƙi, ya tsattsage, ko mai yana ɗiga a kansa, ka kuma duba ko tenshina tana riƙe shi da ƙarfi. Burushi kuwa in ya gajarce, sifirin ba ya iya danna shi sosai a kan zoben da ke juyawa cikin altaneta, sai caji ya riƙa zuwa yana ɗaukewa.

Mai_Golf3:
Ga hanya mai sauƙi: tayar da mota ka cire kan batir ɗaya. In ta mutu, altaneta ce.

Injiniya_Panteka:
Malam Mai_Golf3, yi haƙuri, wannan gwajin na motocin kafreta ne na da. Batir shi ke shanye tsallen wutar da altaneta take yi. Ka cire shi inji na aiki, wutar tana iya tashi nan take ta ƙone burenbokis (kwamfutar mota) ko diyod ɗin altaneta kanta (mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai). Kuma gwajin ba ya ma faɗin gaskiya, don altaneta mai rauni tana iya riƙe inji a silo alhali ba ta iya cajin batir.

Abin da nake so mai tambaya ya ƙara shi ne gwajin waya, domin sau da yawa altaneta tana bayar da wuta, hanya ce ke cinyewa. Inji na aiki, fitilu a kunne, ɗora jan tsinken mita a kan babban noti na bayan altaneta, baƙin kuma a kan batir mai alamar +. Kada ya wuce 0.5. Sannan daga jikin altaneta zuwa kan batir mai alamar −, kada ya wuce 0.2. In ya wuce, akwai tsatsa, ko notin da ya saki, ko wayar bodi da ta ruɓe daga ciki. Farin garin nan da ke taruwa a kan batir a wanke shi da ruwan zafi da bakar hoda (baking soda), a goge da samfefa, a ɗaure tamau. A duba babban fyus na caji da ƙaramin soket ɗin altaneta, don in wayar da ke tayar da ita ta karye, sabuwa fil ma ba za ta yi caji ba.

Rewaya_Kano:
Haka ne Injiniya. Saura batun mutuwar batir da safe. Juya mita zuwa AC, inji na aiki, auna kan batir. In ya kai 0.5, diyod ya tafi. Lalataccen diyod yana barin wuta ta koma cikin altaneta da dare. Don tabbatarwa, kashe mota, rufe ƙofofi, cire wayar batir mai −, sa mita a 10A (ma'aunin amfiya) tsakanin kan batir mai − da wayarsa, jira minti 20. Ya kamata ya sauka ƙasa da 0.05. In yana sama, cire babbar wayar altaneta, amma ka fara cire − kafin ka kai sifana wurin. In zuƙar ta tsaya, ka kama ɓarawon. Kada ka yi kik mita tana haɗe haka, fyus ɗinta zai ƙone.

In burushi ne ko kataut, gyara ya fi arha. In koyil ɗin altaneta ya ƙone ya yi baƙi, nemi ta Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, mai amfiya da soket iri ɗaya da taka, a gwada ta a gabanka. Batir kuma a kai shi caji ya cika kafin a ɗaura, kada a bar wa altaneta wannan aikin, zafi zai yi mata yawa.