Wai me ya sa gizagizan tsakiyar galaksinmu ba sa haifar taurari da yawa?

Ɗan_Kawo: Salam 'yan uwa. Na ga an ce akwai manyan gizagizan iskar gas a tsakiyar Milky Way, wato galaksinmu, babban tarin taurarin da ranarmu ke ciki, kuma ai daga irinsu taurari ke fitowa, to amma wai can ɗin haihuwar taurari ta yi ƙasa, ya abin yake ne?

Malam_TudunWada: Wa'alaikumus salam. Wajen yana da nisan shekarun haske kusan 26,000 daga nan, galibin gas ɗin haidurojin ne kuma ya fi na sauran wurare cunkoso sosai, ga ɗumi, kusan digiri 50 zuwa 100 a ma'aunin Kelvin alhali gizagizan kusa da mu ba sa wuce 10 zuwa 20. Babbar matsalar ita ce hargitsi, gas ɗin yana ta gudu kilomita goma ko fiye a sakan ɗaya, kafin ya nutsu ya dunƙule ya zama tauraro an tarwatsa shi. Shi ya sa taurarin da ake samu kusan kashi ɗaya cikin goma ne na abin da ake tsammani.

Maman_Ilham: Malam 100 Kelvin ɗin ne ɗumi?? ai ƙasa da sifili ne da digiri 173 a ma'aunin Celsius lol

Malam_TudunWada: Hajiya a can ɗumi ne fa. Kuma ba da ido ake gani ba, ƙura ta rufe wajen kamar hazon Janairu a Kaduna, sai da na'urori na musamman irin ALMA, na'urar hangen nesa ta rediyo da ke Chile.

Abba_Rigasa: Banda Sagittarius B2 dai Malam, ɗaya daga cikin manyan gizagizan wajen, shi kam yana haifar taurari sosai, har sinadarin barasa aka gano a cikinsa a 1975.