Neman shawara: na yi alkawarin kawo Tabkin Kwatto kan tebur, saura mako uku

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan abin nan yana hana ni barci.

Akwai wani yayana a wurin aiki, ya yi karatu a Beljiyam, ya dawo da wasu akwatuna. Tun kafin azumi yake cewa in zo gidansa in ga wani wasa, ni kuma ina ta ɗagawa saboda dawainiyar bikin ƙanwata, ga babur ɗina da ya yi wata guda wajen bakanike. Asabar ɗin da ta wuce dai bayan la'asar na tafi gidansa a unguwar Yantala, nan Yamai. Tebur biyu aka haɗa, aka shimfiɗa koren bargo, aka cusa littattafai a ƙarƙashi suka zama tudu. Ga ɗan gidan gona na kwali, ga hanya da aka yi da tsumma ruwan ƙasa. A kai kuwa sojoji ne ƙanana, kowane bai wuce gaɓar yatsa ba, an yi musu fenti har maɓallan riga. Na ɗauki wani makaɗi na kai kusa da ido, wallahi har igiyar gangarsa an zana. Yayan ya ce wannan yaƙin Waterloo ne, 18 ga Yuni 1815, ranar da aka karya Napoleon, sarkin Faransa.

Mu huɗu ne. Aka ba ni dawakin Faransa, masu sulken ƙarfe a ƙirji. Babu gidaje kamar na dara. Tef ɗin awo ake ja, mai doki ya yi tafiya kaza, mai ƙafa kaza, kuma da inci ake aunawa. In an gwabza sai a jefa ƴaƴan lido, a duba takarda, a ƙara a rage. Dokokin da Ingilishi suke, na yi tambaya sau uku, kunya ta hana ni ta huɗu. Da na ga sojojin Ingila sun dunƙule a kan tudu, kowane gungu ya ba juna baya, na ɗauka tsoro ne, na tura dawakina gaba ɗaya. Zagaye biyu aka yi aka kwashe su aka mayar akwati. Wani yaro da bai kai ƙanena ba ya ce, "Yaya, ka yi irin ta Ney." Suka yi dariya. Awa biyu da rabi na zauna ina kallo ba ni da ko doki ɗaya, wuta ta ɗauke, aka ci gaba da fitilar waya.

Duk da haka abin ya shiga raina. A daren na kira ɗan gwaggona da ke Faransa na tura masa kuɗi ya saya mini nawa sojojin. Maganar kuɗi mu bar ta. Abin da ya dame ni shi ne, da za mu rabu na ce ai mu ma muna da yaƙe-yaƙe, don me kullum na Turawa? Yayan ya ce to bismilla, wata mai zuwa kai ne mai shiryawa. Bakina ya riga ni, na ce Tabkin Kwatto. Ba ni da soja, ba ni da doka, abin da na sani kawai shi ne 1804 ne, tsakanin Sarkin Gobir Yunfa da jama'ar Shehu. In janye ne, ko yaya zan yi?

Mushe Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara talatin na yi ina koyar da tarihi, saboda haka ka saurare ni da kyau. Na farko, laifin ba naka ba ne. Wanda ya ɗauki baƙo ranar farko ya jefa shi cikin Waterloo, ya ba shi dawaki kaɗai, bai iya karɓar baƙo ba. Dunƙulewar nan da ka gani dabara ce: sahun gaba sun durƙusa sun kafa gindin bindiga a ƙasa da wuƙa a bakinta, na baya suna harbi ta kansu, ta ko'ina doki ya zo tsini zai tarar, kuma doki ba ya faɗa wa tsini da son ransa. Maganinsu igwa ne da dakaru, domin mutane a cunkushe abincin igwa ne. Marshal Ney, babban kwamandan Napoleon, ya yi ta aika dawaki da yammacin ranar ba tare da isassun dakaru a bayansu ba, suka ƙare a banza. Ka ga ke nan teburin ya koya maka cikin minti ashirin abin da nake shan wahalar fahimtar da ɗalibai a mako guda.

Na biyu, kada ka janye. Kuma ba ka bukatar soja ko ɗaya. Asalin wasan nan daga Furushiya yake, tsohuwar masarautar Jamusawa. A 1824 wani hafsa, Reisswitz, ya nuna shi ga manyan sojan ƙasar, kuma da ƴan guntayen ƙarfe ja da shuɗi aka yi shi a kan taswira, da alƙali a tsakani. Yanka kwali, faɗin santimita 4, rubuta "ƴan baka", "ƴan lifidi", "dakaru". Nemi dokokin da ake kira DBA, waɗanda suka fito a 1990: kowane ɓangare rukuni 12, fili santimita 60 kowace kusurwa, wanda ya rasa rukuni 4 an ci shi, awa ɗaya an gama. Shi ke nan.

Maman Biyu:
"Maganar kuɗi mu bar ta." Ni a nan na tsaya. Nawa ne? Uwargida ta sani? Haka nawa ya fara da tattabaru, guda biyu kawai in ji shi. Yau akurki uku ne a tsakar gidana, inda nake shanya. Ranar da aka koro yarona daga lakwal saboda kuɗin wata, a ranar ya shigo da buhun dawa na tsuntsaye. Ban hana namiji nishaɗi ba, amma ku riƙa faɗa.

Ɗan Bukoki:
Hajiya, ba kuɗin cefane ba ne, na ladan aikin dare ne da na tara. Zan faɗa mata in kayan sun iso. Mushe, na gode ƙwarai, amma kwali ba zai yiwu ba. Ba ka ga teburin mutumin nan ba. In na zo da yankakken kwali bayan abin da ya faru, da wane ido zan kalle su?

Mushe Mai Ritaya:
To ashe ba wasan kake so ba, idon mutane kake so. Hafsoshin Furushiya ba su ji kunyar guntun ƙarfe ba.

Bagobirin Tibiri:
Ni tambayata ɗaya ce. Wa zai riƙe Yunfa? Kuma in wanda ya riƙe shi ya ci, me za ku ce? Don na san yadda ake ba da labarin nan. Tun ina firamare ake karanta mana shi kamar Gobirawa ba su da uwa ba su da uba, kullum mu ne waɗanda aka kora. Ba mai faɗin cewa a ƙarshen 1804 ɗin dai, a Tsuntsuwa, Gobir ce ta yi rinjaye, kuma Alkalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808. Kakata har ta rasu ba ta yarda a yi wasa da sunan Alkalawa a gabanta ba. Waterloo ba kakan kowa a ciki a Yamai, shi ya sa kuke iya dariya. Wannan kuwa akwai jikokin ɓangarorin biyu a unguwa ɗaya, wataƙila ma a teburin naku.

Ɗan Bukoki:
Wallahi ɗan uwa ban yi nufin cin zarafin kowa ba, mahaifiyata ma Bagobira ce ta wajen Madawa. Shi ya sa ma sunan ya zo bakina.

Almajirin Malam:
Ni ba yaƙin ne ya dame ni ba, ƴaƴan lidon ne. Akwai hadisi a Sahihu Muslim mai tsanani a kan wasan nardi, kuma malamai da yawa sun sa duk wasan da ake jefa irin waɗannan ƴaƴa a ƙarƙashinsa, ko babu caca. Ga kuma batun mutum-mutumi a cikin gida. Sannan ka ce bayan la'asar kuka fara, kuka yi awoyi. Magariba fa? Ba hukunci nake yankewa ba, ka je ka tambayi malaminka kafin ka ƙara zuba kuɗi.

Ɗan Bukoki:
Mun tashi mun yi magariba a masallacin layin, Malam. Kuma ba ko dala da aka sa.

Mushe Mai Ritaya:
Wannan ma da maganinsa, kuma yana ƙara nuna gaskiyata. Kwali ba mutum-mutumi ba ne. Ƴaƴan lido kuma ba dole ba ne: su kansu Jamusawa daga 1876 sun koma wani salo inda alƙali masani ke yanke abin da ya faru da hankalinsa. H. G. Wells a dokokinsa na 1913 ƴar igwar wasa ya sa, mai harba guntun itace, wanda ta kayar ya faɗi. Bagobiri kuma, da girmamawa, gudun tarihi ba ya warkar da shi. A Tabkin Kwatto Gobir ce ke da dawaki da ƴan lifidi da taimakon Abzinawa, jama'ar Shehu ƙarƙashin ƙanensa Abdullahi dawakinsu ƴan kaɗan ne, ƙarfinsu baka. Duk da haka suka ci. Tambayar da tebur zai amsa ita ce ta yaya mai kibiya a ƙasa ya tsayar da doki mai lifidi. Ka lura, ƙanena, darasin da ya cinye dawakinka ne dai ya dawo da rawani. Ka karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi, dukansu sun kawo labarin, sun kuma kasance cikin al'amarin da kansu.

Bagobirin Tibiri:
Ka ji ko? Littattafai biyu, duka na ɓangare ɗaya. Abin da nake faɗa ke nan, Mushe.

Ɗalibar Jami'a:
Baba Mushe, a gafarce ni, DBA an yi shi ne don yaƙe-yaƙen da har zuwa wajen shekarar 1500, bai kai 1804 ba. Za a iya lanƙwasa shi tunda baka da mashi da doki ne, amma mai mako uku da bai taɓa karanta dokar ba, shi zai lanƙwasa? Ni shawarata, Yaya, ka je ka gaya wa mai gidan gaskiya, ka ce ka yi saurin baki, ku shirya tare. In kuma dole sai na yankinmu, ɗauki Tondibi, 1591, kusa da Gawo: sojan Maroko na Judar da bindigogi, Askiya Ishaƙ na biyu, sarkin Songai, da ɗimbin jama'a, aka koro garken shanu don su tattake Marokawa, ƙarar bindiga ta juyo da su kan masu su. Wannan kowa zai so ya ga yadda zai kaya a tebur, kuma ya yi nisa da ba zai tada jijiyar wuya ba.

Zabarmin Harobanda:
Wa ya ce miki ba zai tada ba?

Mushe Mai Ritaya:
Ƴata, na san iyakar shekarun DBA tun kafin a haife ki. Lifidi da baka ba su canza ba tsakanin 1500 da 1804. Kuma namiji ba ya komawa ya ce "na yi saurin baki". Ya faɗa, ya cika.

Kafinta a Katako:
Ni ban san tarihi ba, amma in katako kake so, kawo zane. Guntayen da muke zubarwa sun isa a yanka maka ƴan tubala hamsin a yini ɗaya, ka shafa fenti kala biyu, ka liƙa hoton doki ko baka a kai. Ya fi kwali nauyi, iskar fanka ba ta ɗauke shi. Amma ka biya rabi tukuna. Wani ya sa na yi masa allon dara guda shida bara, har yau suna nan suna shan ƙura, lambarsa ma ba ta shiga.

Ɗan Bukoki:
Na gode duka, Allah ya saka. Amma kamar ba ku gane ni ba. Ba zan iya komawa in ce na fasa ba, mutumin nan ofis ɗaya muke, kullum sai mun gaisa. Tondibi kuma ban san komai a kai ba, gara wanda na ji a bakin mahaifiyata. Katakon zan duba, sai dai ina ganin in aka sa shi kusa da sojojinsa zai zama abin tausayi. Abin da nake tunani yanzu shi ne in jira kayan Faransa, in naɗa musu rawani da zare, in yi wa dawakin lifidi da auduga da ƙyalle. Ɗan gwaggon nawa ya ce akwai mai zuwa ranar 20.

Ɗalibar Jami'a:
Wane irin sojoji ka ce ya saya?

Ɗan Bukoki:
Irin waɗanda aka ba ni ranar. Masu sulken.

Mushe Mai Ritaya:
Dawakin Napoleon za ka sa wa rawani? To ƴan bakan fa, da su aka ci yaƙin, daga ina za su fito? Kuma ba a fentance suke zuwa ba, ka sani? Toka-toka za su iso, a manne da sandunan roba, sai ka yanke ka haɗa kowane da gam. Yanka kwali, na gaya maka.

Ɗan Bukoki:
Ba a fentance ba? Bai gaya mini haka ba. Bari in kira shi.

Maman Biyu:
Har yanzu dai ba ka faɗi nawa ba ne.